Sabunta tsarin kwamfuta ba tare da sake kunna ta ba

MaiKulaDaSaba:
Assalamu alaikum. Ina kula da wata saba (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) mai aiki da tsarin Linux wadda ba a son ta tsaya ko na minti ɗaya. Shin akwai hanyar saka gyaran tsaro a kernel, wato zuciyar tsarin Linux, ba tare da an kashe na'urar an sake kunna ta ba?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai. Kamfanin Red Hat ya fito da manhajar kpatch, kamfanin SUSE kuma ya fito da kGraft a 2014, sannan aka shigar da tushen dabarar cikin Linux 4.0 a 2015. Ana loda gyararren ɓangare cikin ƙwaƙwalwar na'urar, sai a karkatar da duk kiran da ke nufin tsohon ɓangaren zuwa sabon, alhali ayyuka suna ci gaba da gudana. Masu amfani da Ubuntu, wani nau'in Linux, suna da irin wannan dabarar mai suna Livepatch.

Malama:
Gaskiya ne, amma kada ka dogara da ita kacokan, domin ta fi dacewa da ƙananan gyare-gyaren tsaro masu gaggawa. Idan gyaran ya sauya fasalin bayanan da kernel ke riƙe da su, yawanci sai an sake kunnawa, don haka ka ware wa hakan lokaci.

Injiniya:
Haka ne, Malama. Kuma idan OpenSSL aka sabunta, wato manhajar ɓoye bayanai wadda ba ta cikin kernel, sake tayar da manhajojin da ke amfani da shi ya wadatar.