"Gani ya kori ji": har a binciken harkar kasuwanci?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Gardama ce ta kaure tsakanina da abokin karatuna a kan yadda za mu tattara bayanai game da ma'aikatan wani kamfani. Shi yana son a raba musu takardar tambayoyi, ni kuwa na ce a je a zauna a ga yadda suke aiki, domin gani ya kori ji. Ya ce karin maganar ba ta da hurumi a nan. Malamai, me kuka gani?

Malam: Wa'alaikumus salam. Kana da hujja, ɗana. Henry Mintzberg, masanin harkar gudanarwa, ya bi shugabannin ma'aikatu biyar, kowanne mako guda, yana rubuta abin da suke yi, ya kuma bayyana a 1973 cewa aikinsu guntu-guntu ne, ana yawan katse su, saɓanin natsuwar tsara shiri da littattafai suke kwatantawa.

Hajiya: Allah gafarta Malam, ido ma ana yi masa wayo. A masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric a Amurka, inda aka yi bincike daga 1924 zuwa 1932, an ƙara wa ma'aikata haske aiki ya ƙaru, aka rage hasken amma aikin bai ragu ba, har daga baya masu binciken suka koma hira da ma'aikata fiye da 20,000. Kakata, Allah ya jiƙanta, idan ta ɗauki mai aiki ba ta yanke masa hukunci a makon farko, takan ce wannan aikin ganin ido ne. Sai ta yi kamar barci ya ɗauke ta, ta kasa kunne ta ji ko hannunsa ya tsaya, sannan ta tambayi waɗanda suke aiki tare da shi.

Baba: To ai ke nan ji ya kori gani, Hajiya! Su ma masu neman ƙuri'unmu sun san wannan ilimi, shi ya sa ake fentin ginin da babu kowa a ciki ranar da masu duba aiki za su zo.

Malam: Baba, a bar su. Asalin saɓanin shi ne ko gaskiyar ma'aikata abu ce da ake aunawa daga waje, kamar yadda mabiya Auguste Comte, masanin falsafa, suke gani, ko kuwa sai an fahimci ma'anar da mutum yake bai wa aikinsa, wanda Max Weber, masanin zamantakewa, ya jaddada.

Hajiya: Idan haka ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Baba: Idan ya yarda ya faɗa a gaban maigidansa ba.

Ɗalibi: Abokin nawa yana tambaya ko cike takarda gani ne ko ji.