Busasshiyar allura don ciwon tsoka: yaya take aiki, ina kuma haɗarinta?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum. Masana gashin ƙashi, don Allah ku warware mana. Allurar nan da ake soka wa tsoka babu ko ɗigon magani a cikinta, me ke kashe ciwon? Za ta yi wa ciwon wuya da kafaɗa na mai dogon zama?

Mai_Gashin_Ƙashi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sukar ce maganin. Tun 1979 wani likita ɗan ƙasar Cek, Karel Lewit, ya nuna cewa allurar kanta na rage ciwo ko ba a ɗura komai ba.

Da yatsa ake fara lalubo ƙullin da ke cikin tsoka, wanda in an danna shi zafin kan harba har wani wuri, misali daga kafaɗa zuwa gefen kai. Sai a goge fata, a soka siririyar allura marar rami, kaurinta milimita 0.25 zuwa 0.30, ana turawa ana ɗan janyowa. In ta taɓa ƙullin, za ka ga tsokar ta zabura a ƙarƙashin fata, daga nan ta saki. Wurin kan yi tsami kwana ɗaya zuwa biyu, wani lokaci jini ya ɗan kwanta.

Malamar_Jinya:
Haka ne, Malam, amma kafaɗar da aka ambata ita ce wurin taka-tsantsan, domin kan huhu yana kusa sosai. Shi ya sa ake kama tsokar tsakanin babban yatsa da manuni, a ɗago ta, a soka allurar ta nufi yatsan mai yi, ba ƙirji ba. In aka huda rigar huhu, iska ta taru ta danne shi. Alamun su ne sarƙewar numfashi, sukar ƙirji da busasshen tari, kuma suna iya bayyana bayan awanni. Wanda ya ji haka ya tafi asibiti nan take.

A yi wa mutum yana kwance, saboda wasu kan ji jiri har su suma. Allura sabuwa fil, a buɗe ta a gabanka. Mai shan maganin tsinka jini, da mai juna biyu, da mai ƙurji a wurin, su faɗa tun kafin a fara.

Mai_Gashin_Ƙashi:
Gaskiya ne, Hajiya. Sauƙinta kuma na ɗan lokaci ne. In ba a haɗa da motsa tsokar da gyara yanayin zama ba, ƙullin zai dawo.