Taransimitar bawul ɗin Habibu ta ƙi zama lafiya a mita 20

Habibu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na gama haɗa taransimitar, wato na'urar aika siginar rediyo, da na daɗe ina faɗa muku. Bawul (kwalbar ƙara ƙarfin sigina) mai lamba 6AG7 ce ke riƙe da kiristal, bawul 807 guda ɗaya a ƙarshe, wuta bolt 600 a faranti, wato ƙarfen cikin bawul da sigina ke fita ta kansa. A zangon mita 40 (tsawon igiyar sigina ke nan) tana aiki sumul. Da na hau mita 20 sai allurar ma'aunin wutar faranti ta kama tsalle, inda ta fi faɗuwa daban, inda sigina ta fi fita daban. Ina neman shawara kafin in ƙona bawul ɗin, ita kaɗai gare ni.

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ka sa rizistar da ke zuƙe wutar kafasitocin bayan an kashe? Bolt 600 kisa take yi. Ko ka sa, ka riƙa sauke wutar zuwa shasi, wato ƙarfen jikin na'urar, da sukundireba mai kyakkyawan mariƙi kafin ka sa hannu.

Habibu: Na sa, Malam. Hannu ɗaya ma a aljihu yake idan ina awo.

Injiniya Lawal: Abin da ka kwatanta alamar komowar sigina ce. Tsakanin faranti da girid na 807, wato ragar cikinta da sigina ke shiga ta kanta, akwai ɗan kafasitans wajen fikofarad 0.2. Kamar ba komai ba ne, amma idan saurin kaɗawar sigina ya hau, kamar a mita 20, ta nan sigina ke zamewa ta koma baya, har bawul ta fara haifar da tata siginar ba tare da an ba ta ba. Maganin shi ne ka mayar wa girid wata sigina daidai girman waccan amma kishiyarta, su kashe juna. Tun 1923 dabarar ta shahara, lokacin da injiniya Louis Hazeltine ya fito da rediyonsa Neutrodyne a Amurka.

Garba mai gyara: Ni fa da ni ne, na cire 807 na sa bawul 6146. Gajera ce, ƙafafunta na ciki gajeru, kathod ɗinta yana fita ta fil uku. 807 doguwa ce, rigimarta yawa.

Injiniya Lawal: Garba, 6146 ma sai an kashe mata komowar. Buɗe tsohuwar rediyon Kenwood TS-520 ka gani, bawul biyu irin 6146B ne a ciki, kuma akwai kafasitar wannan aikin a cikin kejin ƙarshe. Canza bawul ba zai raba shi da aikin ba, sai dai ya canza soket daga fil biyar zuwa takwas a banza.

Malam Ɗanjuma: Ku bar masa 807 ɗinsa. Habibu, turo hoton ƙasan shasin.

Habibu: Ga shi nan.

Malam Ɗanjuma: To ai ga matsalar farko. Koyil ɗin girid da na faranti duk a sama ka ajiye su, suna kallon juna. Mayar da na girid ƙarƙashin shasi, ka bar na faranti a sama, ƙarfen ya raba su. Sannan ka yi wa 807 ɗin riga ta gwangwani daga soket zuwa daidai gindin farantinta, ka haɗa rigar da shasi. Kafasitar sikirin kuma, wato girid na biyu na bawul ɗin, wayarta ta yi tsawo, manna ta a jikin fil ɗin. Idan ba ka gyara waɗannan ba, ko kwana za ka yi kana murɗa kafasitar kashe komowa ba za ta zauna ba.

Injiniya Lawal: Haka ne. Bayan nan ka bi tsarin gada na Bruene, injiniyan kamfanin Collins. Ƙasan koyil ɗin girid kada ya sauka shasi kai tsaye, ya bi ta kafasita wajen fikofarad 470. Daga wannan mahaɗar ka ja ƙaramar kafasita mai murɗawa zuwa faranti. A lissafi za ta tsaya wajen fikofarad 4 ko 5, don haka mai kaiwa 10 ta isa. Amma ka nemi mai faɗin giɓi, don duk wutar faranti a kanta take.

Habibu: A ina zan samu irinta? Na zaga Sabon Gari ban ga mai faɗin giɓi ba.

Garba mai gyara: Kai ma ka iya yi. Falle biyu na alminiyam, ɗaya a kan tangaran, ɗaya a kan noti mai matsawa. Ka goge bakinsu su yi santsi don kada su yi tartsatsi. Kuma lokacin hunturu ka riƙa hure ƙura, ƙurar nan takan ja wuta ta tsallaka.

Injiniya Lawal: Yadda za ka saita: cire wutar faranti da ta sikirin gaba ɗaya daga 807, ka bar hita a kunne, 6AG7 tana turo sigina. Ka ɗaura eriyar ƙarya, wato rizistar da ke tsayawa a madadin eriya, mai om 50, ka sa dayod da mita mai jin ƙaramar wuta a kanta. Murɗa kafasitar faranti har allura ta kai ƙololuwa, sai ka murɗa ƙaramar kafasitar da abin roba har allurar ta sauka ƙasa iyakar saukarta. Sake saita girid da faranti, ka maimaita, sau uku ko huɗu. Ka yi a zangon da sigina ta fi saurin kaɗawa cikin waɗanda za ka yi aiki a kai, wato mita 20 a wajenka.

Malam Ɗanjuma: Kada ka manta sikirin. Idan ka cire ta faranti kaɗai ka bar ta sikirin, nan take za ka gasa shi.

Habibu: To wannan rizistar mai naɗin waya da ake sawa a hular bawul fa, ba aikinsu ɗaya ba?

Injiniya Lawal: A'a, wannan na wata cutar ce daban, kukan da bawul ke yi can sama a VHF, zangon da ya zarce naka saurin kaɗawa nesa, saboda tsawon wayoyi. Om 47 na gawayi, ka naɗa mata waya zagaye huɗu ko biyar, ka manna a bakin hular. Sa ta kafin ka fara saitin.

Garba mai gyara: Gwajin ƙarshe, zare kiristal ka juya kafasitocin ko'ina. In mitar girid ta motsa, da saura.

Malam Ɗanjuma: Tsaya Garba. In bayas ɗinsa, wato wutar girid da ke taƙaita wutar da bawul ke ja, daga rizistar girid kaɗai yake fitowa, yana zare kiristal farantin zai yi ja. Habibu, kana da tsayayyen bayas?

Habibu: Babu, Malam, rizista ce kawai.

Malam Ɗanjuma: To kada ka zare komai tukuna. Ina da ƙaramar taransifomar bayas da ba na amfani da ita, ka biyo shago ranar Asabar bayan la'asar, ka taho da shasin mu duba tare.