Ciwon baya mai sauka ƙafa ya hana ni sukuni

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar wanda ya san wannan larura.

Ni tela ne, kusan wuni nake yi a kan keke. Wata uku ke nan ciwo yana tasowa daga ƙuguna, ya ratsa ɗuwawu, ya gangara bayan cinyar hagu har tafin ƙafa, kamar ana ja min wayar wuta. Tari ko atishawa ma sai na ji shi. Ruku'u kuwa ya zama aiki, yanzu a zaune nake yawancin sallolina.

Likita ya ce wata babbar jijiya ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya danne. Ya rubuta diclofenac, ya ce in riƙa tattaki, kar in yi ta kwanciya. Maganin yana rage zafin, sai dai ya tayar min da gyambon ciki, dole na ajiye shi. Na gasa da ruwan ɗumi, an yi min tausa da man zafi, wanzami ma ya yi min ƙaho bisa matsin Hajiyarmu. Kwana biyu sai ciwon ya dawo.

Abin da ya fi tayar min da hankali, babban ɗan yatsan ƙafar ya fara dindiris. Shin gashin ƙashi na asibiti yana warkar da irin wannan, ko sai an yi hoton MRI (mai nuna cikin jiki) tukuna? Wanda ya rabu da shi ba tare da tiyata ba, yaya ya yi da zaman aiki?