Hajiyarmu ta fara mantuwa, likita ya ce a yi gwaji

Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiyarmu ta haura saba'in. Tun bayan azumi take maimaita tambaya ɗaya, ta ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa sannan ta ce 'yar aiki ce ta ɗauke. Shekaranjiya da sunan ƙanwarta da ta rasu ta kira ni. Likita yana zargin ciwon mantuwa, amma ya ce sai an yi gwajin jini da hoton ƙwaƙwalwa. Yayyena maza sun ce gigin tsufa ne, a ƙyale ta. Wa ya taɓa shiga irin wannan hali?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ku yi gwajin nan. Surukina dare ɗaya ya birkice, har dangi suka fara zancen sammu, ashe ciwon sanyin mafitsara ne. Da ya sha magani ya dawo hayyacinsa. Ruɗewar farat ɗaya daban take da wadda ke cin mutum a hankali. Ƙarancin bitamin B12 ma yana kawo mantuwa, kuma yana jin magani.

Ɗan Kakuri: Namu Baban Alzheimer ce, wato wani nau'in ciwon mantuwa, a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna aka tabbatar. Sun ɗora shi kan wani magani da ake kira donepezil, amma sun faɗa mana gaskiya: sassauci yake kawowa, ba ya warkarwa. Magariba ce ta fi ba mu wuya. Rana na faɗuwa zai ɗauki hula ya ce gida zai tafi, alhali a gidan da ya gina da hannunsa yake. In ka yi masa gardama, fitina ta tashi. Sai dai mu ce, "To Baba, a sha shayi tukuna," kafin ya shanye ya manta. Mun kuma ɗinke masa lambar waya a aljihun kowace riga, don ya taɓa ɓacewa.

Gwaggon Yara: Innarmu takan yi azahar ta sake, ta kuma sakewa. Malam ya ce a bar ta, an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Amma Auta, ku zauna da yayyen nan naki a raba kwana da kuɗin magani tun yanzu. Masu cewa a ƙyale ta ba su ne za su yi wanka da wanki ba.

Auta: Allah Ya saka da alheri. Litinin za mu koma asibiti. Yaya Ɗan Kakuri, shi Baba kun gaya masa sunan ciwon ko kun ɓoye?