Tsoron cire haƙori ya hana ni komawa wurin likita

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Marwa nake rubutu, shekaruna 24. Wata uku ke nan haƙorin nan na can ƙurya, wanda kan fito bayan mutum ya girma, yana ba ni wahala. Na ƙasa ne, ɓangaren hagu. Da aka ɗauki hoto likita ya nuna mini ya kwanta a karkace, ya tokare na kusa da shi, rabinsa binne cikin dasashi. Ya ce sai an tsaga an fito da shi, sannan a ɗinke.

Sau biyu ana ba ni rana. Na biyun har na zauna a benci, ina jin ƙarar injin daga ciki tafin hannuna ya jiƙe, na tashi na hau babur na koma gida. Yanzu ko tuwo da gefe ɗaya nake ci, dare kuwa sai kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi, kuma na san ba magani ba ne.

Allurar kashe zafi ba ta dame ni sosai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jijiyar da ya ce tana bi ta ƙarƙashin saiwar haƙorin, wadda in an taɓa ta leɓe kan yi sanyi kamar ba naka ba. Ya ce yawanci yakan dawo daidai, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Don Allah wanda aka taɓa cire wa irinsa, me ka ji lokacin da ake aikin? Kwana nawa kumburin ya yi? Kuma yaya ka yi da fargaba har ka iya zama kan kujerar?