Ina zan samu allon cikin ƙofar Peugeot 504 a-kori-kura?

Jama'a, ku taimaka min. Na gaji a-kori-kurar mahaifina, Peugeot 504, injinta lafiya lau, cikinta ne ya gaji. Ruwan damina ya jiƙa allon cikin ƙofar direba har ya kumbura ya ruɓe, maƙalan robar sun kakkarye, hannun ɗaga gilashi kuma juyawa kawai yake yi ba ya kamawa. Na zaga Ƙofar Ruwa sau biyu ban dace ba, wani ya ce in gwada Fanteka a Kaduna.

Shin na ƙaramar 504 zai hau? Ko in sa kafinta ya yanko falanki daidai da tsohon, mai ɗinkin kujeru ya lulluɓe shi da soso da leda? Ba na son in sayar da ita wallahi.